Kilomita Biyar a Ƙafa: Darasi a kan Tafiya, Ƙiba da Lafiyar Jiki

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya tsayar da ɗan Adam a kan ƙafafu biyu, ya shimfiɗa masa ƙasa domin ya taka ya nemi abincinsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu da malamanmu masu karanta wannan ɗan littafi na ƙarshen shekara: Darasin da zan gabatar a kan tafiya a ƙafa ne: me take yi wa jiki, ƙiba nawa take iya ragewa, kuma yaya mutum zai yi ta a nan unguwarmu ta Kilomita Biyar.

Wataƙila wani ya ce, tafiya ma har sai an yi mata darasi? To, kowa ya duba gidansu da gidan maƙwabta. Da wuya ka rasa wanda ake cewa yana da hawan jini, wato tansiyo, ko ciwon sukari, ko ciwon gwiwa da ya sa shi salla a kan kujera. Maganin waɗannan cututtuka kowane wata ake saye, ba ya ƙarewa. Ranar da maigida ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki kuwa, shago ya rufe, kuɗin makaranta ya tsaya, gida duka ya shiga wani hali. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Cikin rigakafin nan kuma babu mai arha kamar tafiya, domin ko dala ba a biya.

Fasali na ɗaya: Sunan unguwarmu ma'auni ne

Turawan Faransa sun riƙa auna hanyoyin Bangi daga wani wuri a tsakiyar gari, kusa da kogin Ubangi, wanda ake kira PK0. Daga can idan ka biyo babban titin Boganda, sai ka yi kilomita biyar kafin ka iso kasuwarmu. Shi ya sa ake ce wa unguwar PK5 ko KM5, kamar yadda ake ce wa ƙofar gari ta arewa PK12. Ke nan sunan da muke faɗi kullum tsawon hanya ne.

Zan riƙe wannan tsawon a matsayin mudun awo a cikin darasin nan, domin kowa ya san shi. Baligi mai lafiya yana cin kilomita biyar a cikin kamar awa ɗaya idan bai tsaya hira ba. Yawan takunsa zai kai tsakanin 6,500 da 7,000, gwargwadon tsawon ƙafarsa. Idan nauyinsa kilo 70 ne, jikinsa zai ƙona kalori 250 zuwa 300. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kamar yadda lita take ma'aunin man moto. Ku riƙe waɗannan lambobi uku, awa ɗaya, taku kusan 7,000, kalori kusan 300, domin za mu dawo gare su.

Fasali na biyu: Yadda ƙafarmu ta yi sanyi

Mu jikokin matafiya ne. Fataken Hausawa sun yi watanni a hanya a bayan madugu, daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayo goro. Wasu suka yi kudu maso gabas ta Adamawa, kuma ta hanyar fatauci ne Hausawa da yawa suka shigo wannan ƙasa a zamanin Turawa. Alhazan da kuwa a ƙafa suke ratsa Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wani ya yi shekaru kafin ya ga Ka'aba. Makiyayan Fulani da suke koro shanu zuwa kasuwa har yau a ƙafa suke yi, kuma ba kasafai kake ganin mai tumbi a cikinsu ba.

To me ya same mu? Abu uku ne a ganina.

Na farko sana'ar zama. Ɗan kasuwa yana buɗe shago da safe ya zauna har magariba. Abinci a kawo masa, shayi a kawo masa, salla ma sau da yawa a shimfiɗa tabarma a ƙofar shago. Tela yana kan kekensa, mai gyaran waya yana kan bencinsa. Mu ɗalibai ma haka, daga zaman allo zuwa zaman littafi, daga nan zuwa zaman waya.

Na biyu moto. Tafiyar da ba ta wuce minti goma ba, sai ka ji an ce a tsayar da moto. Har ta kai wanda aka gani yana tafiya a ƙasa ana tambayarsa, lafiya dai? Kuɗi ne babu?

Na uku kuwa ba laifin kowa ba ne a cikinmu. A shekarun fitina, musamman 2014, manyanmu sun zauna a tsare cikin unguwa, mutum ba ya iya ƙetare wasu gadoji da tituna sai ya sayar da ransa. Ko maƙabartar Musulmi ta Boeing ba a iya kai gawa, sai a farkon 2016 da mutanen unguwannin biyu suka ƙulla yarjejeniya aka buɗe hanya. Wanda ya shekara da shekaru duniyarsa ba ta wuce gida da shago da masallaci ba, ko hanya ta buɗe, ƙafarsa ta riga ta saba da zama. Wannan ya kamata ya tuna mana cewa hanyar da mutum zai taka cikin aminci ni'ima ce babba. Godiyar ni'ima kuwa ita ce a yi aiki da ita.

Fasali na uku: Abin da muka karanta a Sunna

Ɗalibin hadisi ba ya bukatar a je nesa a nemo masa hujja. A cikin Shama'il na Imamu Tirmizi an siffanta tafiyar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da cewa tafiya ce mai ƙarfi, yana ɗaga ƙafa sosai, kamar mai gangarowa daga tudu. Abu Huraira ya ba da labarin cewa sahabbai sukan wahala wajen cim masa, alhali shi bai nuna gajiya ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa yakan je masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Tsakanin masallacinsa da Ƙuba ya haura kilomita uku, zuwa da dawowa ke nan ya fi tsawon hanyarmu zuwa PK0.

Akwai kuma ƙissar Banu Salima. Gidajensu suna nesa da masallaci, sai suka yi niyyar tasowa su dawo kusa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce su da su zauna inda suke, ya sanar da su cewa ana rubuta musu sawunsu. A wani hadisin ya bayyana cewa wanda ya fi nisan tafiya zuwa salla shi ya fi lada. Mu kuwa yau masallacin da ya fi kusa muke nema, in ya ɗan yi nisa mu hau moto.

Maganar ƙiba ma ta zo a fili. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa. Bayan wani lokaci, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, shi ya tsere mata. A nan akwai fa'ida biyu: motsa jiki bai saɓa wa kamala ba ko ga mace, kuma nauyin jiki yana rage wa mutum sauri, ko wane ne shi. Game da ci kuwa, kowa ya san hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya kawo, inda aka raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Malaman likitanci na Musulunci sun bi wannan hanya. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 bayan hijira, wato 1037, a cikin littafinsa Alƙanun ya sa motsa jiki a gaba wajen kiyaye lafiya, sannan abinci, sannan barci. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan hijira, ya yi bayani a cikin Zadul Ma'ad cewa motsi yana taimakon jiki ya fitar da ragowar abin da abinci ya bari, kuma duk gaɓar da aka saba sa ta aiki tana ƙara ƙarfi. Har ya kawo misali da hadda: mai yawan hadda ƙwaƙwalwarsa tana ƙara kamawa. Mun ga wannan da idonmu a makaranta. Wanda ya bar tilawa wata biyu ya san abin da yake samunsa. To ƙafa da zuciya ma haka suke.

Sai dai a kula da mas'ala ɗaya. An hana mai zuwa salla ya zo da gudu ko gaggawa, an umarce shi da natsuwa ko da an tayar da iƙama. Saboda haka kada wani ya ce zai mai da tafiyar masallaci tseren rage ƙiba. Mafita mai sauƙi ce: ka tafi da natsuwa, ka dawo da sauri, in da hali ta hanya mai nisa.

Fasali na huɗu: Abin da likitocin zamani suka gano

A 1953 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya fitar da bincike a kan ma'aikatan motocin bas na birnin Landan, irin masu hawa biyu. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a kan matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, gari ɗaya, amma aka samu ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu kisan farat ɗaya. Ku kwatanta da kasuwarmu: mai shago a zaune, yaron da yake tura masa amalanke a tsaye. Wa muke gani ya huta? Wa kuma zuciyarsa ta fi samun aikin da take bukata?

A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, a kan mutum fiye da 3,000 waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba tukuna. Aka sa wani rukuni su gyara ci, su rage kamar kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su motsa jiki minti 150 a mako, akasari tafiya da sauri. Wani rukunin aka ba su ƙwayar magani. Masu tafiya da gyaran ci, kamuwarsu da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100. Masu shan ƙwaya kuwa ta ragu da kashi 31. Kashi 7 na mai kilo 85 bai wuce kilo shida ba. Ashe ba sai mutum ya zama kamar kara ba kafin ya ga amfani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ji ana kira OMS a rediyo, a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Yara da matasa daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kowace rana. Ta ƙara da cewa kowane motsi yana shiga lissafi, ko na minti biyar ne, kuma kaɗan ya fi babu. Hukumar ta ce a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba su kai wannan ma'auni ba. Mu matasa abin ya fi muni, domin kusan huɗu cikin biyar na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa.

Wasu wayoyi suna ƙirga taku, kuma za ka ji ana cewa dole sai 10,000 a rana. Asalin wannan lamba talla ce. A 1965 wani kamfani a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku, ya sa mata suna mai ma'anar ma'aunin taku dubu goma, lambar ta bi duniya. A 2019 masu bincike a jami'ar Harvard sun bi tsofaffin mata fiye da 16,000, suka ga masu yin taku 4,400 a rana mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu a kan masu yin 2,700, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Saboda haka kada lambar 10,000 ta karya wa iyayenmu gwiwa. Ajali na Allah ne, babu mai ƙara shi ko rage shi, amma an umarce mu da riƙon sababi.

Ta yaya tafiya take yin wannan aiki? Manyan tsokokin jiki suna cinya da ƙwauri da ɗuwawu. Idan suna aiki, suna zuƙe sukari daga cikin jini su ƙona shi, shi ya sa tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci take hana sukari hawa da yawa. Zuciya ita ma tsoka ce, tana ƙarfi da aiki, jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya ɗan sauka. Ƙashi yana ƙara ƙwari idan yana ɗaukar nauyin jiki. Hanji yana motsawa, mai fama da taurin bayan gida ya samu sauƙi. Barci yana daɗi, damuwa tana raguwa. Duk wannan mutum yana samunsa ko da sikeli bai nuna ya rage ko rabin kilo ba.

Fasali na biyar: Lissafin ƙiba

Nan ne mutane da yawa suke yanke ƙauna. Mutum ya yi tafiya mako biyu, ya hau sikeli, ya ga yana nan yadda yake, ya ce aikin banza ne. Bari mu yi hisabi kamar yadda muke yi a darasin gado.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Mun ce kilomita biyar tana ƙona 250 zuwa 300. Raba wancan da wannan, za ka samu tsakanin 26 da 31. Wato sai mutum ya taka daga kasuwa zuwa PK0 kusan sau talatin, kullum har wata guda, kafin kilo ɗaya ya tafi, da sharaɗin bai ƙara ci ba. Mai yin rabin awa sau biyar a mako kuwa, kilo ɗayan zai ɗauke shi fiye da wata biyu.

Yanzu mu dubi ɗaya gefen sikelin. Ƙwayar sukari ɗaya, mai nauyin giram biyar, kalori 20 ce. Wanda ya sha shayi kofi uku a yini, kowane kofi da ƙwaya uku, ya sha kalori 180, wato tafiyar kilomita uku da wani abu. Kwalbar lemo ta santilita 33 tana da sukari kamar giram 35, daidai da ƙwaya bakwai, kalori kusan 140. Kwalba biyu sun cinye kilomita biyar ɗin nan gaba ɗaya. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, kalori kusan 120 ne, kuma kowa ya san cokali nawa yake shiga miya da suyar makala. Abin da ƙafa ta yi awa guda tana ƙonawa, baki yana mayar da shi cikin minti biyar.

To me wannan lissafi yake koya mana? Tafiya ita kaɗai tana rage ƙiba a hankali ƙwarai. Idan aka haɗa ta da gyaran ci, sai abin ya yi sauri, kuma tafiyar ce take taimakawa kada ƙibar ta dawo. Gyaran cin ba yunwa ake nufi ba. A rage sukarin shayi daga ƙwaya uku zuwa ɗaya. A bar lemo sai ranar suna ko biki. A rage malmalar gozo ko tuwo ko shinkafa, a ƙara ganye, irin su koko da ganyen rogo da kuɓewa, a rage man da yake yawo a kansu. Gasasshen nama na dare a ci kaɗan, a bar kitsen. Mai rage kalori 200 a ci, ya ƙona 150 a tafiya, ya samu 350 a rana, wato kilo ɗaya cikin kamar mako uku. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abin da sikeli ba ya gani. Kitsen da ya fi haɗari shi ne na cikin ciki, wanda yake lulluɓe hanta da hanji, shi ne abokin ciwon sukari da hawan jini. Tafiya tana rage shi ko nauyi bai sauka sosai ba. Hanyar auna shi a gida ita ce da zare: ka yanki zare daidai tsawonka daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi daidai cibiya ko sama da ita kaɗan. Idan bakin zaren ya haɗu, alhamdu lillahi. Idan bai haɗu ba, tumbi ya wuce rabin tsawo, lokacin tashi ya yi. Masu ciwon gwiwa kuma su sani, kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

A al'adarmu idan mutum ya yi ƙiba mukan ce ya samu hutu, amarya in ta cika mu ce gidan miji ya karɓe ta. In ya rame kuma a fara raɗa. Ya kamata mu gyara wannan kallo, kada kunyar bakin mutane ta hana mai hawan jini rage jikinsa.

Fasali na shida: Yadda za a fara

Sauri nawa ake so? Ma'auninsa a bakinka yake. Idan kana iya magana da abokin tafiyarka amma ba ka iya rera karatu da jan madda ba tare da numfashi ya yanke ba, to ka kai matsakaici. Idan ko magana ba ka iyawa, ka yi yawa, sassauta. A ƙirga, kamar taku 100 ne a minti ɗaya.

Ga wanda ya daɗe a zaune, ga tsari mai sauƙi. Mako na ɗaya da na biyu, minti 10 zuwa 15 a rana. Na uku da na huɗu, minti 20. Na biyar da na shida, minti 30, kwana biyar a mako, ka ga 150 ta cika. Mai son rage ƙiba ya ci gaba da ƙarawa a hankali har 45 ko 60. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba, ana iya rabawa uku.

Salloli biyar ma sun ishe mu jadawali. Wanda masallacinsa yake nisan minti biyar, idan ya je da natsuwa ya dawo da sauri, dawowar kaɗai minti 25 ce a rana, 175 a mako. Ranar Juma'a a taka zuwa Babban Masallaci ko masallacin Ali Babolo maimakon moto. Rakiyar gawa, duba mara lafiya, sada zumunci, duk ibada ce da ake yi da ƙafa. Mai niyyar Hajji kuwa ya fara shiri tun yanzu, domin sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita uku ne, ban da ɗawafi da zuwa jifa.

Lokacin da ya fi dacewa a garinmu shi ne bayan sallar asuba, da gari ya waye, kafin rana ta yi zafi kuma kafin motoci su cika titi, ko kuma bayan la'asar. A nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, to a gama kafin duhu da sauro. A tafi biyu biyu ko uku uku, a sanar da gida inda aka nufa, a bi hanyoyin da aka sani, ranar da gari ba daidai ba kuma a zauna a zagaya tsakar gida. A riƙa tafiya ta gefen hagu ana fuskantar abin hawa mai zuwa. Da damina a kula da santsin jar ƙasa da bakin kwata, da rani a kauce wa ƙura. A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Takalmi ya zama mai riƙe dunduniya, silifa ba ta doguwar tafiya ba ce.

Fasali na bakwai: Iyayenmu mata, azumi, da gargaɗi

Iyayenmu mata da yayyenmu suna aiki tun asuba, amma mafi yawansa a zaune ne ko a duƙe, gaban murhu ko kwanon wanki. Tafiya cikin sutura ta kamala ba ta da aibi. Zuwa barka, gaisuwar rasuwa, islamiyya, kasuwa, idan maƙwabta suka haɗu suka taka tare sun samu lada da lafiya. Wadda ba ta fita, ta zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane cin abinci tana tasbihi. Ina roƙon iyayenmu maza su ƙarfafa musu gwiwa, mu 'ya'ya kuma mu raka su. Mai ciki ma tafiya tana yi mata amfani, sai in ungozoma ko likita sun hana.

A watan azumi a sassauta. A yi 'yar tafiya dab da shan ruwa, ko a taka zuwa tarawihi. A kuma lura da soye-soye da kayan zaƙi na buɗa baki, domin su ne suke sa wani ya fito daga azumi ya fi yadda ya shiga nauyi.

Gargaɗi kuma wajibi ne. Wanda ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. Mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani ya tambayi likita kafin ya fara, kuma kada kowa ya bar maganinsa don ya fara tafiya. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa kullum, domin ƙaramin rauni yana iya zama gyambo bai ji ba, kuma in yana kan allura ko ƙwayar da take saukar da sukari ya riƙe dabino a aljihu. Mai zazzaɓi ya kwanta ya sha magani tukuna. A guji shayin rage tumbi da garin magani da ake tallatawa ba a san abin da ke ciki ba, yawancinsu gudawa suke sawa, ruwa ne yake fita, kitse yana nan.

Abu na ƙarshe mai muhimmanci: a ƙasarmu masu fama da ƙarancin abinci suna da yawa, maganar rage ƙiba ba da su ake ba. Mu matasa jikinmu yana kan girma, kada wata ko wani ya hana kansa abinci don ya ga hoto a waya. Wanda kuma yake ramewa haka kawai ba da niyya ba, ga tari ko yawan fitsari da ƙishirwa, ya je a gwada shi.

Tamrini

Na ɗaya: kowane ɗalibi ya ƙirga takunsa daga gida zuwa makaranta, ya lissafa sau nawa zai yi kafin ya cika kilomita biyar. Na biyu: ya ƙirga ƙwayar sukarin da take shiga shayin gidansu a yini ɗaya, ya ninka da 20, ya ga kilomita nawa ke nan. Na uku: cikin ladabi, ya nemi izinin babba ɗaya a gidansu, ya riƙa raka shi tafiyar minti goma bayan la'asar har mako biyu, sannan su shawarta ko za su ƙara.

Jiki amana ce da za a tambaye mu a kanta, da shi muke ruku'u da sujada, da shi muke neman ilimi da halal. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya dawwamar da zaman lafiya a Kilomita Biyar da Bangi da ƙasarmu baki ɗaya, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya tabbatar da dugaduganmu a kan hanya madaidaiciya. Allah ne mafi sani.